Dalma a Tanderuna

Litinin, 3 ga Maris
Yau ma faifai huɗu sun tarwatse. Aikin ke nan: in niƙa garin tangaran, in danne shi ya zama kamar kwabo, in gasa a tanderu, sannan in yi ta ɗura masa lantarki har ya fashe. Wanda ya fi jimiri da shi za a yi kafasito, ɗan abu mai ajiye wuta da yawa. Sharaɗi ɗaya: babu dalma, ko ƙwayar zarra.

Alhamis, 6 ga Maris
Na yau ya ƙi fashewa! Na ƙure na'ura, yana nan daram. Shekara biyu ina nema. Na kurma ihu har Dogo, abokin aikina, ya ɓarar da shayinsa.

Talata, 11 ga Maris
Sakamakon awon faifan nan ya fito. Da dalma a ciki. Ashe tanderun Dogo ne ya lalace, ya gasa nasa mai dalma a nawa, ya yi gum. Tururin dalmar ya kama bangon tanderun, ya shiga faifaina, shi ya hana shi fashewa. Da na tare shi, wai, "Sau ɗaya ne fa, Yaya." Yaya! Taɓaryar niƙa na hannuna. Na kai masa duka, ya kare fuska da hannu, na ji ƙashi ya ce ƙas. Ban tsaya ba, na bi faifan kan tebur na ragargaza, nawa da nasa. Jini a kan farin gari.

Laraba, 12 ga Maris
Ban yi nadama ba. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa. Amma duka a wurin aiki kora ce, kuma gobe shugaba zai kira mu. Uwar yara ba ta sani ba.

Alhamis, 13 ga Maris
Dogo ya shigo hannun dama a ɗaure. Shugaba ya tambaye shi, ya ce, "Santsi ne ya kwashe ni, ranka ya daɗe." Laifin dalmar kuwa ya amsa da bakinsa. Ko kallona bai yi ba. Wallahi da ya tona ni, da ya fi mini sauƙi. Haushi kamar in mutu.

Litinin, 17 ga Maris
Dogo na ta kokawa da turmi da hannun hagu, garin dalma na zuba ƙasa, guba kuwa. Na fizge. Ba don shi ba, ni ma iskar ɗakin nake shaƙa. Na niƙe masa tas. Ya ce, "Gobe fa?" Na ce ya rufe mini baki.
Likita ya ce sai wata biyu kafin a kwance hannun. Zan riƙa zuwa da wuri.