Na Rantse Jikata Ba Ta Kwana a Makaranta, Ga Shi Mai Sauƙin Ta Kwana Ce

Assalamu alaikum mutanen wannan zaure. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, mai ba'a kuma ya riƙe abarsa, na haifi kamarsa.

Ni tsohuwa ce a Yelwa, bandar kifi nake yi a bakin ruwa, ban taɓa zama aji ba. Matar maƙwabcina ce ke rubuta abin da nake faɗi, kuma na ce in ta gama ta karanta mini, kada ta ƙara gishiri.

Ɗa guda gare ni, yana da farfaɗiya tun yana saurayi, don haka ba ya shiga ruwa. Jirgin injin da ubansa ya bari mun ba wani yana jigilar 'yan kasuwa zuwa Warra, abin da jirgin ya kawo shi ke sayen maganin ɗana. Ɗiyarsa ni na goya ta bayan rasuwar uwarta. Tun tana ƙarama, in ya faɗi, ita ke juya shi gefe ta hana mutane cusa masa cokali a baki. Yanzu ta gama sakandare, ta ci jarrabawa, ta ce karatun ƙwaƙwalwa da jijiyoyi take so. Na ce ƙwaƙwalwa har wani karatu gare ta? Ta ce sosai, kuma kaina za ta fara buɗewa ta ga inda taurin yake zaune. Na ce ta jira in mutu.

Ni ba na sayen kwandon kifi sai na tura hannu har ƙasa, don manyan ake jerawa a sama. Haka na yi wa jami'o'in jiharmu, na zaunar da ita da wayarta tana karantowa ina tambaya. Ta 'yan kasuwa mai zaman kanta, da na ji kuɗin na ce ta rufe. Saura biyu na gwamnati, kuma duka sai ta fara da karatun jikin mutum kafin ta kai ga ƙwaƙwalwar, wato tafiyar doguwa ce. Ta farko rajistarta da sauƙi, ɗakin kwanan ɗalibai yana ciki, babu kuɗin mota, in riƙa aika mata gari da busasshen kifi, wannan bandata za ta ɗauka. Ta biyu ta fi tsada tun daga sama, da na tura hannu ƙasa sai ga kuɗin ɗakin gwaji, ga littattafai, ga mota kullum, amma a garin ne ƙanwata take aure, yarinya za ta kwana cikin 'yan uwa. Wannan ta biyun ba ta yiwuwa sai an sayar da jirgi.

Za ku ce to ga mai sauƙi, me nake jira? Lokacin da aka kwashe yara a makarantar kwana ta Birnin Yauri na ga uwayensu da idona. Na dawo gida na yi alwala, na dafa Alƙur'ani gaban ɗana, na rantse jinina ba ya ƙara kwana a makaranta ina raye. Na cire ta daga tata ta kwanan, ta ƙarasa a jeka-ka-dawo.

Yanzu gidan ya ƙi daɗi. Ɗana ya ce a sayar da jirgin, shi ya saba da faɗuwa. Ita ta ce in aka taɓa jirgin ba ta zuwa ko'ina, ba za ta karanci ciwon ubanta da kuɗin maganinsa ba. Ta ce jami'a ba sakandare ba ce, akwai katanga da masu gadi, na ce waccan ma akwai su. Ta daina tsokanata, ni da kullum sai na kore ta da muciya. Jiya tana taya ni juya kifi, ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Inna, kin tsare ni daga 'yan bindiga, na gode. To ke wa zai tsare ni daga gare ki?" Na ce ta ƙara ice, wuta na mutuwa.

Na je wurin limamin unguwa, ya ce rantsuwa tana da kaffara, in ciyar da miskinai goma, shi ke nan. Ciyarwa ba ta gagare ni ba, kifi gare ni. Tsoron ne bai faɗa mini kaffararsa ba.

An kusa rufe rajista. In sayar da jirgi ɗana ya rasa magani, ko in karya rantsuwa in kai ta da hannuna, ko in riƙe ta nan ta tsufa cikin hayaƙi kamata? Masu 'ya'ya mata da ke kwana a jami'a, ku nake so ku fara amsawa, kuma kada ku lallashe ni. Kuna samun barci?