Yaya Manu, Tattalin Man Nan Ya Isa Haka

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga yayana, Yaya Manu, a Birnin Kebbi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Anti Rabi da yara. Ya aiki, ya zafin Birni? Mu nan Rikoto sai godiyar Allah.

Na san za ka ce me ya kai ni baza maganar gida a nan inda kowa ke karantawa. To na kira ka a waya har na gaji. Muna hira lafiya lau, da zarar na ce yaushe za ka taho Zuru, sai sabis ya lalace, a wajenka kai kaɗai. Nan kuwa na san kana leƙowa, don ina ganin hannunka a ƙarƙashin hotunan mutane. Saboda haka ka zauna ka karanta.

Inna ba ta da lafiya. Ba irin ciwon da take shan jiƙo ta miƙe ba ne. Ƙafafunta sun kumbura, daga ɗaki zuwa bakin rijiya sai ta tsaya ta huta, likita kuma ya ce zuciya ce. Ka sani, tunda kai ke turo kuɗin magani duk wata, Allah ya saka da alheri. Amma rabonta da ta sa ka a ido tun kafin azumi. Ƙaramar Sallah ta wuce, babba ta wuce, an yi shuka, ga dawa har ta fitar da kai. Kullum amsarka guda ce: mai ya yi tsada.

Wa ya ce bai yi ba? Mu ma a ƙasar muke. Amma kai, Yaya, ciwon tattalin man nan ba tsadar yanzu ce ta kawo maka shi ba, da shi ka sayi motar.

Ka tuna ranar da ka fara shigowa da ita unguwa, tsohuwar motarka ruwan toka? Inna ta zagaya ta tana shafawa tana sa albarka, ta aika gida-gida a zo a ga motar Manu. Washegari ka tashe ni tun ana sallame Asuba wai in raka ka shan mai. Na ce me ake da sammako haka, gidan man zai gudu ne? Ka ce ai man safe sanyi gare shi, ya fi kauri, ya fi auki. Na bi ka ido duk barci.

A can ne ka kunyata ni. Yarinyar da ke ba da mai ta sa tiyo a tanki, kai kuwa ka dafa bayan mota ka shiga girgiza ta, ka ce in kama ɗaya gefen. Wai iska ta fita, mai ya sami wurin zama. Ga ni budurwa da sabon mayafi, ina jijjiga mota a bakin titi, masu kabu-kabu suna dariya har da riƙe ciki. Da aka gama ka ce ta ɗaga tiyon sama ta zazzage, ɗigon da ya rage a ciki ma ka biya. Ta zazzage tana hararar ka, ni ina neman inda zan sa fuskata.

Sai kuma yawon neman araha. Ka ji an ce wani gidan mai a bayan gari ya rage ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, sai ka ɗau hanya, ka bi layi rabin yini, ka dawo kana murna ka ci riba. Man da ka ƙona zuwa da dawowa fa? In na tambaya sai ka ce mata ba su san mota ba.

Ba zan ci amanarka ba, wasu dabarunka na gaskiya ne. Duba iskar taya kafin a ɗau hanya, kallon mita ta koma sifili kafin a fara zuba maka, rashin taka mota kamar ana kora ka, canza baƙin mai a kan lokaci. Duk waɗannan maigidana yana yi wa mashin ɗinsa, kuma yana ganin amfaninsu. Da a nan ka tsaya da ba mai jin bakina.

Amma ina! Ka cire safaya daga but wai nauyinta na shan mai. Ka hana a sauke gilashi wai iska na riƙe mota, ka kuma hana a kunna na'urar sanyi, mutum ya zauna ciki yana dahuwa kamar dankali.

Ranar bikin ɗiyar Kawu Sani a Dirin Daji fa? Ni da Inna muna baya, ƙullin kayan gara a cinyata. Muka kai wani gangare ka cire motar daga giya ka sa ta a firi, ka kashe inji gaba ɗaya, kana cewa nan kyauta Allah ke tuƙa bawansa. Ba a jima ba birki ya yi tauri, sitiyari ya ƙi juyawa. Na ga ƙeyarka ta jiƙe da zufa. Inna ta kama salati, ni na kama Inna, har muka tsaya a cikin gonar wani bawan Allah, mun kwantar masa da kunya guda ta gero. Taya ta fashe, safaya tana Zuru a jingine bayan ɗaki. Sai bayan an kai amarya muka isa.

Ka san abin da Inna ta ce da matan biki suka tambaye ta? Ta ce hanya ce ba kyau, Manu kuwa ya iya tuƙi, shi ya cece mu. Haka take da kai tun kana yaro. Kai ba ka laifi.

Yanzu ga shi ka ƙirƙiro sabuwar dabara, wadda ta fi duk sauran: kada a tayar da motar sam. Na ce ka zo, ka ce sai ka haɗa fasinjojin da za su raba kuɗin mai da kai. Na ce ka hau motar haya, ka ce mai mota ya shiga tasha ai asara biyu ke nan. Na ce to ka zo kai kaɗai ko kwana guda ne, ka ce an ce farashi zai sauko wata mai zuwa, a ɗan jira. Wata nawa ke nan yana saukowa, Yaya?

Bari in gaya maka abin da ya sa na ɗauki waya yau.

Kwanakin nan duk na shiga ɗakin Inna sai in ji warin fetur. Na ɗauka daga janareton maƙwabta ne. Jiya da hantsi na je yi mata shara, na tura tsintsiya ƙarƙashin gado, na ji ta bugi wani abu. Na duƙa. Gorunan ruwa ne jere reras, kowace cike da fetur, an ɗaure bakinsu da leda. A ɗakin da take kunna turaren wuta, Yaya. A ɗakin da jikokinta ke shiga su yi wasa.

Na yi faɗa, ban ɓoye maka ba. Na ɗaga wa mahaifiyata murya, abin da ban taɓa yi ba. Ta bar ni har na gama, sannan ta ce Malam Dantani mai kabu-kabu, wanda ke kai ta asibiti, shi take ba wa yana sawo mata kaɗan-kaɗan. Na ce da wane kuɗi? Sai ta hau gyara ɗankwali.

Sai na ɗauko ledar magungunanta na duba. Wanda aka ce ta sha safe da yamma, sau ɗaya take sha, don ya kai ta wata biyu. Abin da ya ragu daga kuɗin da kake turowa, shi ne a ƙarƙashin gadon nan. Shi ya sa kumburin ya ƙi sauka, mu muna ta zargin likita.

Na zauna a bakin gado na rasa wanda zan ji haushi, kai ko ita. Ta dafa ni ta ce kada in ga laifinka, kana da iyali, zamani ya yi wuya, yaro mai tattali ai abin so ne. Ta roƙe ni kada in faɗa maka zancen maganin. Ga shi na faɗa, ta yafe mini.

Na kwashe gorunan, maigidana ya juye su a jarka ya kai ɗakin ajiya can nesa da wuta. Maganin kuma yanzu a hannuna yake, ni ke ba ta da kaina. Wannan na iya. Abin da ban iya ba shi ne in zama kai. Duk motar da ta tsaya a ƙofar gida sai Inna ta ɗaga kai ta yi kasaƙe, in ta ji ba muryarka ba ce ta koma ta kwanta.

Yayana, kai ka goya ni zuwa makarantar allo lokacin da ƙaya ta soke ni, kai ka tsaya a kan aurena bayan rasuwar Baba. Na san ba rashin so ba ne. Lissafi ne ya yi maka yawa, kana ganin akwai lokaci. Ni da nake ganinta kullum, ban ga lokacin nan da yawa ba.

Da zan fito ɗazu ta kira ni ta ba ni saƙo, ta sa na maimaita don kada in ɓata. Ta ce: "Ki ce wa Manu man komawa yana nan na tara masa. Na zuwan kawai zai nema, shi ma in rance ya ci, ni zan biya."

Allah ya ba Inna lafiya, ya ja kwananta har ta gan ka. Allah ya buɗa maka, ya kawo ka lafiya, ya jiƙan Baba. Amin.

Ka gaida Anti Rabi da yara.

Ƙanwarka,
Saratu
Rikoto, Zuru