Tabon da ke Girarka

Zuwa ga sanyin idanuna, inuwata idan rana ta take, ruwan randata a ranar ƙishi, masoyin da ya kusa kashe ni da takaici a 'yan kwanakin nan.

Ina gaishe ka, amma kada ka ɗauka da murmushi nake rubutun nan. Lahadi ta zo ta wuce, wata ta biyo ta, ina ta waiwayen mazauninka a coci har wuyana ya ƙage, babu kai babu dalilinka. Sai jiya ƙanwarka ta tsegunta mini cewa abokinka mai gyaran waya, wanda kuke kira Farfesa, shi ya hure maka kunne. Wai Littafi Mai Tsarki tufka da warwara yake yi: wannan marubuci ya ce mala'ika ɗaya aka gani a kabarin Yesu, wancan ya ce biyu, wani ya ambaci mace ɗaya, wani ya jero mata da yawa. Don haka wai ba za ka tsaya gaban jama'a ka yi mini alkawarin aure a kan littafin da ba ka amince da shi ba. Haba, zumar zuciyata! Mutumin da na kai wa wayata tana tari ya dawo mini da ita gawa, shi ne yau zai gyara mana bishara?

Ka tuna ranar da muka fara haɗuwa? Ka zo gyara mana fankar falo, ka ɗora kujera a kan tebur ka haye. Na shigo da ruwa a tire, ka dube ni, ƙafa ta goce. To, je ka tambayi mutanen gidanmu yau. Mama za ta rantse cewa a kan tebur ka faɗo. Goggo za ta ce sam, kan keken ɗinkinta ne, kuma har gobe ba ta yafe ba. Yaya ya ce su biyu suka ɗaga ka, shi da maƙwabci. Ni kuwa ko inuwar maƙwabcin ban gani ba, idona na kan jinin da ke zuba a girarka. Sai a kira Farfesa ya yanke hukunci! Ba ka faɗo ba ke nan? Fankar ma babu ita? Ni ma ƙirƙiro ni aka yi? Da mu huɗun mun ba da labarin nan kalma a kan kalma, ai kai ne na farko da zai ce mun haɗa baki.

Abin da ya fi ƙona mini rai, an ce da ya kira tashin Almasihu surutun mata, har da kai a masu dariya. Kai! Ranar da na sunkuyar da kai na ce ina son ka, shaidu nawa ka nema? Ba mace ce ta faɗa maka ba, ka tafi kana tsalle kamar ɗan akuya?

Ban hana ka tambaya ba, tauraruwar asubata. Ni ma akwai ayoyin da ke ɗaure mini kai, kuma matambayi ba ya ɓata. Ɓuyan nan da kake yi ne ya ɓata mini rai. Ranar Asabar fasto yana jiran mu a ofishinsa kafin ya sanar da aurenmu. Ka zo da tambayoyinka duka, ka riƙo hannun Farfesa in ka ga dama, zan ajiye masa kujera. Amma don Allah kada ka sa ni zaɓi tsakaninka da littafin nan. Ka san wanda zan ɗauka, kuma zan yi kuka har idona ya ƙafe, don ban san yadda ake daina son ka ba.

Kafin ka ba ni amsa, ɗaga hannunka ka shafa girarka ta hagu. Mama cewa take ta dama ce. Tabon dai yana nan.

Taka, wadda ta riƙe maka tsumma a goshi ran nan, kuma ba ta da niyyar saki har numfashinta na ƙarshe.