Ruwan da Inna ta hana

Laraba da dare, Gwiwa, tsakiyar damina.

Yau na saɓa wa Inna, abin da ban taɓa yi ba. Amai da gudawa sun kama 'yata Rabi tun asuba, ga kwalaben ƙarin ruwa sun ƙare a ɗakin shan maganinmu. Inna ta kife kwanon sha, ta ce, "Mai zawo ba a ba shi ruwa, ƙara masa ake yi. Haka na rene ku."

Sai na tuna wata likita 'yar Bangaladash da ta koyar da mu a Kazaure, mai neman rigakafin cutar nan. Ta ce kafin a dace da rigakafin, a tafasa ruwa, a sa sukari da ɗan gishiri, a riƙa bayarwa cokali-cokali.

Na durƙusa na ce, "Inna, ki yafe mini." Na ɗauki kwanon, na haɗa ruwan, na fara ba Rabi da cokali. In yarinyar nan ta rasu, da wane ido zan dubi Inna?

Da la'asar Rabi ta yi fitsari, alamar ruwan ya fara zama. Idanunta dai a zurme suke har yanzu. Amma cokalin yana hannun Inna, ita ke ba ta ruwan.