Baba, Yanzu Na San Dalilin Butar Nan

Zuwa ga mahaifina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa irin wadda ɗa ke yi wa mahaifinsa, ina roƙon Allah Ya haskaka makwancinka. Shekara ashirin da shida ke nan da muka kai ka, ban taɓa zama na rubuta maka komai ba. Ko kana raye ma sai an karanta maka. Yau dole ce ta sa, domin abin da ke raina ba ni da wanda zan faɗa wa ya gane sai kai.

Baba, na kusa kashe mai sunanka.

Ba ka san shi ba. Ɗan Sadiƙu ne, ɗana Sadiƙun da ka bari yana firamare. Sunanka aka sa masa, shi ya sa muke ce masa Abba. Shekararsa shida. Kowace Asabar ubansa kan kawo mini shi nan Tirwun ya wuni, domin tun da aka fitar da ni daga gidan gwamnati na GRA, kuma uwar Sadiƙu ta rasu, gidan nan babu mai motsi sai ni da ƙadangaru.

Ka san ni da girman kai. Ka tura ni makaranta da kuɗin da ka samo a ƙarƙashin motocin mutane, na dawo da takardar injiniya, na kuma koyi jin kunyar farcenka. Shekara talatin da biyar na yi a ofis. Ban gina komai ba, Baba. Na sa hannu a takardu, na halarci taro, na ga yaran da na koya wa aiki sun hau kaina saboda sun iya durƙuso. Ranar da na bar aiki aka ba ni agogon bango, shi ma bai yi wata uku ba ya tsaya. Abin da ya rage mini shi ne takardar nan a jikin bango da tsohuwar motata da ta girmi Sadiƙu.

Motar ce ta haɗa ni da Abba. Na gaji da kai ta gareji ana raina mini hankali, sai na fara buɗe ta da kaina. Wata Asabar ina ƙarƙashinta, na miƙa hannu ina lalube, sai na ji an sa mini sufana a tafin hannu. Mai lamba goma, daidai wadda nake nema. Na leƙo, sai ga shi a tsugune yana kallona da idanun nan naka.

Daga nan muka fara. Na je kasuwar Muda Lawal na sayo masa tasa ƙaramar sufanar. Na koya masa jera notuna a cikin faranti yadda aka kwance su, don kada ɗaya ya ɓata. Na koya masa goge fulogi, da zaro sandar duba baƙin mai ya share ta da tsumma kafin ya sake tsomawa. Bai iya karanta sunansa sosai ba tukuna, amma ya san bambancin goma da goma sha biyu ko ido a rufe. Duk abin da na yi sai ya yi. In na share gumi da bayan hannu, ya share. In na yi tsaki, ya yi tsaki. Dariya nake yi, Baba. Ina kallo yana kwaikwayon tsakina, kuma ban fahimci komai ba.

Ka tuna garejinka na ƙarƙashin bishiyar maina? Duk ranar da babu makaranta ina can. Kana barina in riƙe maka kaya, in wanke notuna a kananzir. Amma akwai lokacin da kullum kake korata. Idan aka kawo motar da ta daɗe a ajiye ta ƙi tashi, da ka ciro tiyon mai sai ka ɗago kai ka ce, "Ɗan boko, ɗauki buta ka je famfo." Famfon kuwa yana can bayan masallaci. Kafin in dawo motar na ruri, kai kuma ka karɓi butar ka juya baya kana kurkure baki.

Na riƙe ka da wannan a zuciya. Na ɗauka sirrin tada mota kake ɓoye mini, don ka ga na zama na makaranta, ban cancanci sana'arka ba.

Sai da na kai shekara ashirin da biyu na ga sirrin. Na zo hutu daga jami'a, na same ka ka kafa baki a tiyo kana zuƙo fetur, ka fesa shi a cikin kafireta, inda mai ke bi ya shiga inji. A gaban yaran garejinka na tsaya na yi maka lacca, har da Turanci. Na ce wannan jahilci ne, guba ce. Ka tofar, ka goge baki da hannun riga, ka ci gaba da aikinka.

To, Asabar ɗin da ta wuce, motar ta yi sati uku ban tada ta ba, mai ya bushe a hanya. Ni da takardata a bango na tsuguna, na sa tiyo a jarka, na zuƙo, na fesa a kafireta. Daidai yadda kake yi, har da goge baki da hannun riga. Abba yana gefena, kafaɗarsa na taɓa tawa. Motar ta yi tari ta mutu. Na ce masa ya jira ni, na shiga ɗaki in ɗauko filaya.

Ban yi minti biyu ba.

Tarin na fara ji. Ba irin tarin da na sani ba ne, Baba, kamar ana yaga tsumma. Na fito na same shi a durƙushe, tiyon na hannunsa, fetur na zuba ta hancinsa da bakinsa, idanunsa sun firfito yana kallona. Bai yi kuka ba, domin babu numfashin yin kukan. Yana nuna mini kafireta da yatsa. So yake ya gama mini aikin kafin in fito.

Abin da na yi bayan nan ya fi na farko muni. Maƙwabciyata mai shagon kayan miya ta jiyo ihuna ta shigo da kwalbar manja. Kowa a garin nan ya san manja ake ba wanda ya sha guba. Ni na buɗe bakinsa aka ɗura masa. Ni na sa masa yatsa a maƙogwaro ya yi amai. Sannan na sungume shi na nufi mota, na manta cewa motar ce ba ta tashi. A keke napep muka tafi asibiti, kansa a cinyata, leɓɓansa na canza launi.

Likitar yarinya ce, ba ta kai Sadiƙu ba. Ta tambayi wa ya sa shi amai, na ce ni ne. Ta ce da an bar shi da abin da ya haɗiya da sauƙi, aman ne ya mayar da fetur ɗin cikin huhunsa. Ta faɗa a hankali, da ladabi, har tana ce mini Baba. Da ma zagina ta yi.

Kwana uku yana kwance da robar iska a hanci. Sadiƙu ya zo ya durƙusa ya gaishe ni kamar yadda ya saba, amma bai dube ni ba. Matarsa ko gaisuwar ba ta iya ba, kuma ban ga laifinta ba. Da bakinta ta ce Abba ya gama zuwa Tirwun. Ban musa ba.

A bencin bakin ɗakin nan na zauna. Wani tsoho ya wuce ta gabana da buta zai yi alwalar azahar, kuma wallahi, Baba, a nan na gane. Butar. Famfon bayan masallaci, alhali akwai randa cike da ruwa a gindin mainar. Shekara da shekaru kana aikena wuri mai nisa, kana lissafin tafiyata da dawowata, don kawai kada idona ya ga bakinka a kan tiyo. Ka san yaro ba ya jin abin da aka ce masa, abin da ya gani yake yi. Kai da ba ka taɓa zama a aji ba ka san wannan. Ni da na yi maka lacca na yi abin a gaban ɗan shekara shida, kafaɗarsa a jikin tawa.

Kuma ranar da na ci maka fuska, kana iya cewa, ai don kai nake ɓoyewa. Ba ka faɗa ba. Ka bar ni da ilimina.

Yau da safe aka cire masa robar. Yana numfashi da kansa, ya sha kunu. Sadiƙu ne ya kira ni a waya, karo na farko tun ranar. Ya ce an tsinci sufana a aljihun wandon Abba, ya ƙi yarda a karɓa, tana ƙarƙashin matashinsa. Ya ce yaron ya dame su da tambaya ko motar Kaka ta tashi. Sannan ya ce in Abba ya warware zai kawo shi, amma shi ma zai zauna. Na ce ya zauna. Shi ma ban taɓa koya masa komai da hannuna ba.

Ban tada motar ba, Baba. Tana nan yadda muka bar ta, notunan a faranti yadda ya jera su. Tiyon na yayyanka shi da wuƙa. Na sayo ɗan famfon hannu da ake zuƙo mai da shi. Na kuma sayi buta sabuwa, ƙarama, daidai hannunsa. Akwai ruwan batir, akwai jak, akwai abubuwa da yawa da idonsa bai kamata ya gani ba tukuna. Rijiyata mai murfi da famfo tana can ƙarshen gida, na auna, tafiyar ta isa.

Ka yafe mini ranar nan ta gareji. Na san na makara.

Allah Ya gafarta maka, Ya sanyaya kabarinka kamar yadda ka tsare ni ban sani ba. Allah Ya ba mai sunanka lafiya, Ya wanke masa ƙirjinsa, Ya ba shi hannunka da hankalinka, kada Ya ba shi girman kaina. Amin.

Ɗanka,
Yakubu, wanda kake ce wa Ɗan boko