Wankan da Ban Yi Miki Ba

Zuwa ga aminiyata Yagana,

Assalamu alaiki. Bayan gaisuwa, ina roƙon Allah ya haskaka makwancinki. Na san takardar nan ba za ta iske ki ba, ke da ko kina raye sai an karanta miki. Amma yau kwana goma sha tara ke nan abin yana ci na, in ban sauke shi a nan ba zan je in faɗe shi inda bai kamata ba.

Bari in fara da labarin gari, kamar yadda na saba in na shigo ɗakinki. Ruwa ya ja baya. Shinkafar mijinki Malam Sale ta fadama rabi ta tafi, rabin da ya tsira kuma tsuntsaye sun sa shi gaba. Murhun bandarki yana nan, an rufe shi da tsohon buhu. Ranar kasuwa wani mai sarin kifi daga Guri ya tare ni yana cigiyar mai bandar nan da kifinta ba ya ɗacin hayaƙi. Da na faɗa masa, sai ya yi salati ya nemi wuri ya zauna.

To, ga abin da ya kawo ni. Ban yi miki wanka ba, Yagana. Na ɗauki alkawari na saɓa.

Kin tuna yadda muka haɗu? Asibiti suka sallamo ki da ciwon dajin nan na nono, suka ce a koma gida a ci gaba da addu'a. Mu matan islamiyya da muke zaga gidajen irin waɗannan majinyata don Allah, sai aka ce ni zan riƙa zuwa wurinki. Wata nas ta koya mini wanke ciwon da ruwan gishiri, da daka ƙwaya a barbaɗa don warin ya ragu. Ranar farko da na ɗaga zanen ƙirjinki, cewa na yi zan ɗebo ruwa, alhali bayan ɗaki na zaga na yi amai. Na ƙudura ba zan dawo ba. Kunya ce kawai ta dawo da ni washegari. Kika dube ni kina dariya, kika ce in daina zuwa da cikin kunu, in riƙa tauna goro. Ashe kin ji ni. Tun daga ranar kika zama tawa.

Wata bakwai ina zuwa kowace hantsi. Duk lokacin da zan buɗe ciwon sai kin aiki Falmata niƙa ko ɗiban ruwa. 'Yarki ɗaya tilo, shekara goma sha shida, amma ko sau ɗaya ba ki bari ta gani ba. Kin ce so kike ta tuna ki da ƙirjin da ta sha, ba da wannan ba. Saboda haka ne wata Juma'a kika riƙe hannuna a gaban mijinki, kika ce in ta Allah ta kasance ni zan yi miki wanka, tsohuwar unguwa mai wankan gawa ta zuba mini ruwa, kada wata ta ɗaga ƙyallen da ke ƙirjinki. Malam Sale ya ce in sha Allahu. Da kunnena na ji shi.

Ranar da kika cika ina tsakar gida da sabulu da ganyen magarya a hannu, sai ga yayarki Hajiya Gaji daga garin Malam Madori. Sau nawa ta zo a wata bakwai ɗin nan? Sau biyu! Duka biyun daga bakin ƙofa ta gaishe ki, mayafi a hanci, ta ajiye ledar lemo ta juya. Ita ce ta fizge sabulun daga hannuna, wai danginku ba su ƙare ba da bare za ta wanke musu 'yar'uwa, wai me duniya za ta ce. Ina duniyar take lokacin da ake juya ki kada bayanki ya salluɓe? Na aika zaure a tuna wa Malam Sale wasiyyarki. Amsar da ta dawo wai a yi haƙuri, maganar mata ce. Maganar mata! Mutumin da kika yi shekara ashirin kina kai wa abinci fadama ya kasa yin taku goma ya buɗe baki.

Amma kada in yi ta zagin mutane in manta da kaina. Ni ma na saki. Tsoro na ji kada a ce Asabe ta ta da rigima a kan gawa. Na koma kan turmi na zauna kamar wadda ta zo cin tuwon sadaka. Su biyar suka shiga, wankan da mutum biyu ke yi. Me uku suka shiga nema in ba kallo ba? Ina jin salatinsu daga waje. Ina gani ɗaya ta fito ta tofar da yawu a gindin darbejiya. Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige.

Kafin sadakar uku labari ya zaga unguwa. A cikin adaidaita na ji wasu mata biyu da ba su san ni ba suna kwatanta ƙirjinki da hannu. Wai ciwon ya cinye har hammata, wai ana hango ƙashi. Ɗaya ta ce jifa ne, ɗayar ta ce ai sai dai in alhakin wani ne. Alhakin wa, ke da ko kazar maƙwabta ba ki taɓa jifa ba? Yaro ma ya san wanda ya wanke mamaci amana aka ba shi, abin da ya gani ya bar shi a ɗakin. Ranar bakwai na ja Hajiya Gaji gefe na faɗa mata haka. Buɗar bakinta sai ta ce don a tausaya a yi miki addu'a ta faɗa. Ban gaishe ta ba tun ranar, kuma ba na jin zan gaishe ta.

Shekaranjiya bayan la'asar Falmata ta zo gidana. Ta ƙi zama, ta rame, idanun nan sun faɗa. A bakin famfo ta ji maganar. Ta ce Inna Asabe ce kaɗai ta san gaskiya, in faɗa mata ko haka ciwon yake. Ta ce in haka ne, ashe kina cikin wannan azaba kike yi mata kitso kina ba ta dariya, ita kuma tana fushi don kin cika aike. Ta ce ba ta iya cin abinci in ta tuna.

Ke kin sani, ni ma na sani, abin da suka gani haka yake. Amma na dubi yarinyar nan na ce mata ƙarya suke yi. Na ce ɗan ciwo ne bai kai tafin hannu ba, har ya fara bushewa, kuma maganin yana kashe zafin. Ta ce in rantse.

Na rantse, Yagana. Da sunan Allah na rantse, ni da ake aikawa gidajen mutane ina tuna musu lahira. Ta fashe da kuka a jikina, daga baya ta cinye shinkafar da na zuba mata tas.

Na tambayi malamarmu ba tare da na kama suna ba. Ta ce irin wannan rantsuwa ba ta da kaffara, sai dai tuba, kuma sharaɗin tuba mutum ya ƙudura ba zai sake ba. A nan na tsaya. Ina ta istigfari, amma na san kaina: in yarinyar nan ta dawo gobe da tambayar, zan sake rantsewa.

Ki yafe mini zaman da na yi a waje. Allah ya jiƙan ki, ya sa ciwon ya zama kaffara, ya rufa miki asirin da muka kasa rufawa.

Taki har mu haɗu,
Asabe