Sandar Janyo Ƙofar Shago

Asabar da dare, Adjamé

Tafin hannuna duk ya yi bororo, da ƙyar nake riƙe biro, amma sai na rubuta.

Sandar ƙarfen nan da ta fito cikin gwanjon da Alhaji ya sauke a tashar jiragen ruwa, tun zuwanta aikinta ɗaya ne, janyo ƙofar shagonmu na Treichville. Ban san ta wasa ce ba sai jiya, da na ga gasar golf ta mata a tele, cikin wasannin duniyar nan da ake yi. Wata da ta kusa kai shekaruna ta tsaya za ta buga, jama'a duk suka yi tsit suna jiranta. Ni kuwa ko farashi nake faɗa a shago, sai wani ya katse ni.

Yau da la'asar na naɗe sandar a zani na hau gbaka, ƙaramar bas ɗin haya. A filin bayan gidajen benen da ake kira 220 na jera lemun tsami. Na yi ta sarar ƙasa, matan bene suna ta dariya. Can lemo ɗaya ya tashi ya haye katanga. Wallahi har cikin kafaɗata na ji daɗinsa.

Alhaji ya dawo a fusace.

"Hajiya, da girmanki? To da me zan rufe shago?"

"Ka sa a nemo tsani, Alhaji."

"Mutane za su ce kin zautu."

"Su faɗa mana."

Ya ci tuwonsa. Sandar tana ƙarƙashin gado, ta ɓangarena. In yana so, sai dai ya tashe ni ya roƙa.